Hanyar Jami'a ga 'Ya'yan Latino a Amurka: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya zauna a Bronks, a birnin Niyok, ya san da wuya ka hau bene ka sauko ba ka ji ana Sifaniyanci ba. Fiye da rabin mutanen yankin 'yan Latino ne, kuma 'ya'yanmu na Afirka ta Yamma aji ɗaya suke zama da 'ya'yansu. Na yi shekaru ina fita da yamma ina taya 'yan ajin ƙarshe na sakandare cike takardun neman jami'a, kuma akasarin waɗanda suka zauna a gabana yaran Latino ne. Tambayoyin nan, wasu iyayen yaran ne suka yi mini su, wasu kuma 'yan'uwanmu Hausawa ne da ke son sanin halin da maƙwabtansu suke ciki.

Su wane ne ake kira Latino?

Mazauna Amurka ne waɗanda asalinsu daga ƙasashen Latin Amurka yake. Ƙidayar 2020 ta same su miliyan 62, wato kusan mutum ɗaya cikin biyar a ƙasar. Mafi yawansu tushensu Meziko ne, sai Puerto Riko, El Salbado, Kuba, Jamhuriyar Dominika, Gwatemala da sauransu. A makarantun gwamnati kuwa sun haura kashi ɗaya cikin huɗu na ɗalibai.

Kada a ɗauka duk baƙi ne. Mafi yawansu a Amurka aka haife su. 'Yan Puerto Riko 'yan ƙasa ne tun 1917, kuma akwai iyalai a Teksas da Niyu Meziko da suke wurin tun kafin yankin ya zama na Amurka.

Na ji ana cewa ba su damu da karatu ba, aikin hannu suka fi so. Haka ne?

Wannan magana tana ɓata mini rai, domin na ga akasinta da idona. Na ga uwa ta taso daga aikin sharar ofisoshi, ko kayan aiki ba ta cire ba, ta zo ta zauna awa biyu a taron da ake yi da Turancin da ba ta ji sosai, don kawai 'yarta ta waiga ta gan ta. Alƙaluma ma sun ƙaryata zancen. A 2000 kusan kashi 28 cikin 100 na matasan Latino masu shekara 16 zuwa 24 sun bar makaranta ba su kammala sakandare ba. Yanzu adadin bai kai kashi 10 ba. Waɗanda ke manyan makarantu kuma sun tashi daga wajen miliyan 1.5 a 2000 zuwa miliyan 3.8 a 2019.

Giɓin da ya rage a wajen kammalawa yake. A cikin manyan Latino masu shekara 25 zuwa sama, kusan ɗaya cikin biyar ne ke da digiri, alhali a cikin Turawa farare adadin ya kusa ninka haka. Sha'awa tana nan. Abin da ake rasa shi ne wanda ya taɓa bin hanyar, da zai nuna wa yaro ita tun da sauran lokaci.

In yaro ya gama sakandare da sakamako mai kyau, ba ya shirya ke nan ba?

A nan gizo yake saƙa. Takardar kammala sakandare daban, sharuɗɗan shiga jami'a daban, kuma iyaye da yawa ba wanda ya taɓa gaya musu haka.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na Kalifoniya. Jami'o'in jihar na gwamnati suna buƙatar jerin darussa 15 da ake kira A zuwa G: shekara 4 na Turanci, 3 na lissafi, 2 na kimiyya mai aikin ɗakin gwaji, 2 na tarihi, 2 na wani harshe ban da Turanci, 1 na fasaha, da 1 na zaɓi, kuma kowanne sai an ci shi da maki C ko sama. Makin D yana iya wadatar da kai ka karɓi takardar sakandare a makarantu da dama, amma ba ya shiga lissafin jami'a. Sai yaro ya sa rigar yaye, a yi biki, a ɗauki hotuna, alhali tun yana aji na 10, shekararsa ta biyu a sakandare, ƙofar jami'ar jiharsa ta rufe masa bai sani ba.

A nan Niyok tsarin ya bambanta amma ciwon ɗaya ne. Ba na manta wata yarinya, iyayenta 'yan Dominika, da ta zo mini da takardar makinta a cikin leda, a goge tsaf ba ko lanƙwasa. Injiniya take so ta zama. Makinta sun yi kyau, amma da na bi layin lissafi da yatsa sai na ga ya tsaya a aljabara ta biyu, kuma babu fizis ko na zango ɗaya. Na tambaye ta dalili. Ta ce, "Malam, abin da aka sa mini a jadawali ke nan, ban san ana iya cewa a canza ba." Shekara uku tana bin jadawalin da wani ya tsara mata, ba wanda ya taɓa tambayarta me take so ta zama. Ta samu shiga kwaleji daga baya, amma sai da ta ƙara shekara tana cike abin da ya kamata a ba ta kyauta a sakandare.

To yaushe ya kamata a fara shiri?

Tun aji na 8, wato shekara ɗaya kafin shiga sakandare, musamman a lissafi. Darussan lissafi tsani ne, kowane mataki a kan na ƙasansa yake tsaye. Wanda ya yi aljabara ta ɗaya a aji na 8 yana da sararin kai wa kalkulas kafin ya gama. Wanda aka jinkirta masa, ko yana da ƙoƙari, shekarun ba za su ishe shi ba. Da safe ake kama fara.

Akwai kuma darussan AP, waɗanda ake koyarwa a sakandare a matakin jami'a. Jarrabawarsu maki 1 zuwa 5 ce, kuma jami'o'i da yawa suna lissafa wa ɗalibi darasin in ya samu 3 ko sama. Tarihin Latino da AP yana da labarin da ya kamata kowa ya sani. A 1982, a sakandaren Garfield da ke gabashin Los Anjalis, ɗalibai 18 na wani malami ɗan Bolibiya, Jaime Escalante, suka ci jarrabawar kalkulas ta AP. Hukumar jarrabawar ta yi shakkar sakamakon 14 daga cikinsu. Goma sha biyu suka yarda suka sake zama, kuma duka suka sake ci. Yaran talakawa ne, a makarantar da aka riga aka yanke wa ƙauna. Abin da ya canza shi ne an samu malamin da ya buɗe ajin, ya kuma ƙi yarda cewa ya fi ƙarfinsu.

Ba aikin malamin ba da shawara na makaranta ba ne ya lura da duk wannan?

Aikinsa ne, amma a duba yawan kayan da aka ɗora masa. Ƙungiyar masu wannan aiki ta Amurka ta ce abin da ya dace shi ne malami ɗaya ga ɗalibai 250. Matsakaicin ƙasar ya haura 350, a jihar Arizona kuwa, inda yaran Latino suka kusa rabin ɗalibai, ya wuce 600 a shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024. Mutum ɗaya ne zai tsara jadawali, ya sasanta faɗa, ya kula da yaron da aka kora daga gidan haya, sannan ya rubuta wa ɗaruruwa takardar shaida. Ɗan likita ko ɗan lauya in bai samu ganinsa ba, akwai wanda zai tambaya a gida. Wanda shi ne na farko a danginsu da zai shiga jami'a, in ya rasa wannan ganawa ya rasa duka.

Shawarata ga iyaye: ku je da kanku, tun aji na 9, ku nemi a nuna muku ko darussan yaronku sun cika sharuɗɗan jami'ar jiha. Kuna da haƙƙin a samo muku tafinta. Kada ku ji nauyi.

Daga ina wannan bambanci ya samo asali?

Tsohon ciwo ne. Har zuwa shekarun 1940, a sassan Kalifoniya da Teksas ana ware yaran asalin Meziko a makarantunsu daban, inda aka fi koya musu aikin hannu. Gonzalo da Felicitas Mendez da wasu iyalai huɗu suka kai ƙara bayan an hana 'ya'yansu shiga makarantar Turawa a garin Westminster na Kalifoniya, kuma a 1947 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ba su gaskiya, shekara bakwai kafin shahararren hukuncin Brown na 1954, wanda ya haramta raba makarantun gwamnati bisa launin fata. 'Yarsu Sylvia Mendez ta karɓi lambar yabo mafi girma ta farar hula daga hannun Shugaba Obama a 2011.

A watan Maris na 1968 dubban ɗalibai suka fice daga azuzuwa a gabashin Los Anjalis, wani malaminsu Sal Castro yana mara musu baya. Cikin buƙatunsu har da a daina tura su sashen sana'a ba da son ransu ba, a ba su darussan shiga jami'a. Sannan akwai maganar kuɗi. Makarantun Amurka sun dogara sosai da harajin gidaje da filaye na yankinsu, don haka unguwar masu hali makarantarta mai hali ce. Iyaye daga Edgewood a San Antoniyo sun ƙalubalanci wannan tsari, amma a 1973 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta ce bai saɓa wa tsarin mulkin tarayya ba.

Harshe fa, ba shi ne babban cikas ba?

Ga wasu, e. Ɗalibai kusan miliyan 5 ne ke cikin rukunin masu koyon Turanci, kuma wajen kashi uku cikin huɗu nasu Sifaniyanci suke yi a gida. Haɗarin shi ne yaro ya daɗe a wannan rukuni, ajin koyon harshe ya riƙa cinye masa lokacin darussan da jami'a ke nema. Amma mafi yawan yaran Latino Turanci suke yi kamar kowa, kuma harshe biyu arziki ne. Kalifoniya, wadda ta taƙaita koyarwa da harshe biyu a 1998, ta janye dokar a 2016. Akwai ma hatimin ƙwarewa a harshe biyu da jihohi ke bugawa a takardar sakandare, kuma jarrabawar AP ta Sifaniyanci tana iya rage wa yaro darussa a jami'a.

Ina talaka zai samo kuɗin jami'a a Amurka?

Kuɗin da jami'a ta rubuta a shafinta ba lallai shi ne za a biya ba, kuma rashin sanin wannan ya hana yara da yawa ko gwada nema. Mabuɗin shi ne fom ɗin FAFSA na gwamnatin tarayya, wanda bisa al'ada ake buɗewa ranar 1 ga Oktoba. Da shi ake samun tallafin Pell, wanda ba bashi ba ne, kuma iyakarsa a 'yan shekarun nan dala 7,395 ne a shekara. Da shi kuma jihohi da jami'o'i suke auna nasu tallafin. Cike shi kyauta ne, duk wanda ya ce a biya shi kafin ya cike, a guje shi. Kuɗin neman gurbi ma ana yafe wa masu ƙaramin ƙarfi in sun nema. Ban da na gwamnati akwai asusun Hispanic Scholarship Fund da ke aiki tun 1975.

Na lura iyalan Latino da yawa suna tsoron bashi ƙwarai, kuma ban ga laifinsu ba. Sai dai wani lokaci tsoron yakan sa yaro ya ɗauki aikin awa 30 ko 40 a mako yana karatu, har karatun ya gagara. Kuma abin mamaki, jami'o'i masu tsada da ke da dukiya mai yawa sukan fi araha ga ɗan talaka mai ƙoƙari, domin suna ɗauke masa kusan komai. Yara da yawa da suka cancanci irin waɗannan wurare ba sa ko aika takarda.

Yaron haifaffen Amurka ne amma iyayensa ba su da takardun zama. Yana da haƙƙin tallafi?

Yana da shi cikakke. Ɗan ƙasa ne, kuma matsayin iyayensa ba ya rage masa komai. Wahalar a wajen cikewa take, domin fom ɗin yana neman bayanin kuɗin shigar iyaye. Sabon FAFSA da aka fitar a ƙarshen Disamban 2023, bayan jinkirin kusan wata uku, ya zo da matsalar da ta hana iyayen da ba su da lambar Social Security (lambar shaida da gwamnatin tarayya ke bayarwa) shiga, aka yi watanni ana fama.

A wancan hunturun na zauna da wani yaro da mahaifinsa, ma'aikacin gini, a gaban kwamfuta. Sau huɗu muna kai wa shafi ɗaya yana mayar da mu baya. Uban ya riƙe hularsa da hannu biyu, sai can ya yi wa ɗan magana a hankali da Sifaniyanci. Yaron ya ɗan yi shiru kafin ya fassara mini: "Yana tambaya ko shi ne ya ja mini." Na ce ya gaya masa na'ura ce ta lalace, ba shi ba. Mun samu shiga bayan makonni.

Akwai kuma tsoron kada bayanan su kai ga jami'an shige da fice. Doka ta taƙaita amfani da bayanan FAFSA ga sha'anin tallafin karatu, amma tun 2025 fargaba ta ƙaru, kuma ba na raina ta. Iyali su zauna da lauyan shige da fice na gaskiya ko ƙungiyar agaji da aka sani kafin su yanke shawara. A yi hattara da masu kiran kansu notario: a ƙasashen Latin Amurka wannan suna na masanin shari'a ne, a Amurka kuwa mai buga hatimi ne kawai, ba lauya ba.

In yaron ne kansa ba shi da takardu fa?

Firamare da sakandare haƙƙinsa ne, bisa hukuncin Plyler na Kotun Ƙoli a 1982. Bayan nan hanya takan ƙuntata. Ba ya samun Pell ko rancen tarayya. Shirin DACA na 2012, mai kare waɗanda aka shigo da su ƙasar suna yara daga kora, shi ma bai taɓa ba da tallafin karatu na tarayya ba, kuma yana buƙatar mutum ya kasance a ƙasar tun 15 ga Yunin 2007, wanda ke nufin kusan duk 'yan sakandaren yau ba su shiga ciki ba.

Sauran ya danganta da jihar da yake. Kalifoniya tun 2001 take barin irin waɗannan ɗalibai su biya kuɗin makaranta mai rangwame na 'yan jiha, ta kuma buɗe musu tallafinta da dokokin 2011. Niyok ta buɗe nata tallafin a 2019 da dokar da aka sa wa sunan marigayi Sanata José Peralta. Teksas ce ta fara yin dokar biyan kuɗin 'yan jiha a 2001, amma a watan Yunin 2025 kotun tarayya ta dakatar da ita, Fulorida ma ta soke tata a shekarar. Yara biyu masu maki iri ɗaya, ɗaya a Los Anjalis ta Kalifoniya ɗaya a Hiyustan ta Teksas, yanzu makomarsu ta rabu saboda adireshi kawai. Akwai ƙungiyoyi masu zaman kansu irin su TheDream.US da ke ba su tallafi.

Kwalejin al'umma ta shekara biyu hanya ce mai kyau?

Tana iya zama, kuma ta nan ɗaliban Latino masu ɗimbin yawa suke farawa: tana kusa da gida, tana da araha, tana karɓar kowa. Kwalejin Hostos da ke kudancin Bronks, wadda aka kafa a 1968 saboda matsin lambar al'ummar Puerto Riko, ta fitar da mutane da yawa daga ƙunci. Amma a shiga da ido buɗe. A faɗin ƙasar, wajen kashi 80 na masu shiga suna cewa digiri suke so, waɗanda ke samunsa cikin shekara shida kuwa ba su kai kashi 20 ba. Wasu suna maƙalewa a darussan share fage da ake biya amma ba a lissafa su, wasu kuma in sun koma jami'a sai a ƙi karɓar rabin abin da suka karanta.

Maganin an san shi. Shirin ASAP na jami'ar birnin Niyok, da aka fara a 2007, yana ba ɗalibi kuɗin mota da littattafai, ya cike masa giɓin kuɗin makaranta, ya haɗa shi da mai ba da shawara da zai riƙa ganinsa a kai a kai, da sharaɗin ya yi karatu na cikakken lokaci. Binciken da aka yi ya nuna ya kusa ninka adadin masu kammalawa cikin shekara uku. Duk yaron da zai shiga kwalejin shekara biyu, tun ranar farko ya tambayi wace jami'a zai koma, kuma waɗanne darussa ne za ta karɓa.

Mene ne HSI?

Taƙaitaccen sunan Hispanic-Serving Institution ne, wato babbar makarantar da aƙalla kashi 25 na ɗalibanta masu neman digirin farko 'yan Latino ne. Dokar tarayya ta amince da wannan rukuni a 1992, kuma yanzu sun kai wajen 600, cikinsu har da Jami'ar Teksas ta El Paso da Kwalejin Lehman a Bronks. Sunan yawan ɗalibai yake nunawa, ba ingancin kulawa ba, don haka a tambayi kashi nawa na ɗaliban Latino ke kammalawa a wurin.

Hukuncin Kotun Ƙoli na 2023 ya rufe musu ƙofa?

Ya hana jami'o'i duba launin fata ko ƙabila wajen ba da gurbi, amma ya bar ɗalibi ya rubuta yadda asalinsa ya shafi rayuwarsa a maƙalar neman shiga. Tasirinsa ya fi yawa a 'yan tsirarun jami'o'i masu tsananin gasa. Kalifoniya ta riga ta hana tun 1996. Teksas kuma tun 1997 take ba waɗanda suka fito cikin kashi 10 na saman ajinsu gurbi kai tsaye a jami'o'in jiha, ko da yake reshen Austin ya rage nasa kason ƙasa da haka.

Waɗanne shirye-shirye ne iyaye za su tambaya a makaranta?

AVID, wanda wata malama Mary Catherine Swanson ta fara a San Diyego a 1980, yana ɗaukar ɗalibai matsakaita ya sa su a manyan darussa tare da tallafi. Puente, ma'ana gada, ya fara a Kwalejin Chabot a Kalifoniya a 1981. Akwai Upward Bound da GEAR UP na gwamnatin tarayya. Akwai kuma tsarin ɗaukar darussan kwaleji tun ana sakandare, sau da yawa kyauta, wanda gundumar Pharr-San Juan-Alamo a kudancin Teksas ta yi suna da shi, har wasu yaran kan gama sakandare da difilomar shekara biyu a hannu.

Me ya sa wasu iyaye ba sa son yaro, musamman 'ya mace, ya tafi nesa?

Mu Hausawa ba sai an yi mana dogon bayani a nan ba. Zumunci yana da ƙarfi a gidajen Latino, kuma sau da yawa yarinyar ita ce tafintar gidan, ita ke raka kaka asibiti, ita ke ɗauko ƙanne daga makaranta. Tafiyarta rashi ne na gaske. Ban yarda da masu ɗaukar iyali a matsayin cikas ba, domin wannan zumuncin shi ke riƙe yaro ranar da karatu ya yi zafi. Abin da na ga yana aiki shi ne a kai iyayen su ga makarantar da idonsu, su shiga ɗakin kwanan ɗalibai, su yi magana da wani ma'aikaci da harshensu. Uwar da ta ga inda 'yarta za ta kwana, amsarta takan canza.

An ba yaro gurbi. Shi ke nan an gama?

Da sauran rina a kaba. Tsakanin Yuni da Agusta ake rasa yara da yawa da suka riga suka samu gurbi, har masana sun yi wa abin suna, narkewar bazara. Makaranta ta rufe, malamin shawara ya tafi hutu, jami'a kuma tana ta aiko da saƙonni ta imel ɗin da yaron bai saba dubawa ba: kuɗin ajiyar gurbi, takardar allurar rigakafi, fom ɗin ɗakin kwana, tantance bayanan FAFSA, ranar rajistar darussa. Ɗaya daga ciki ya kuɓuce, sai a wayi gari a Satumba yaron yana aiki a kanti.

Abin da nake yi da nawa ɗaliban kafin a rufe makaranta shi ne mu buɗe shafin jami'ar tare, mu rubuta kowace buƙata da ranarta a takarda ɗaya, da Turanci da Sifaniyanci, a manna ta a jikin firij inda uwa za ta riƙa gani. A ƙasan takardar muna rubuta lambar wayar ofishin tallafin kuɗi na jami'ar, sannan in sa yaron ya kira su sau ɗaya a gabana, domin kiran farko ne yake musu nauyi.